Tambaya: wai ya aka yi mutanen Ingila suke cinikin bashi tun kafin su samu banki?

Mai_Kanti_Fagge:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Dan Allah masu tarihi a taimaka min da wata tambaya da ta daɗe tana cina. Ni ɗan kanti ne, shinkafa, man gyaɗa, sabulu, sukari da sauransu nake sayarwa, to ƙanena yana karanta tarihi a jami'a, in ya zo hutu ina ɗaukar takardunsa ina dubawa da daddare. A ciki na ga wai a Ingila daga wajen 1550 zuwa 1700 mafi yawan ciniki ba kuɗi hannu ba ne, bashi ne, daga mai burodi har basarake kowa ana binsa shi ma yana bin wani. Abin ya ɗaure min kai wlh, saboda ni na san wahalar littafin bashi, mutumin da kuke sallah sahu ɗaya ma sai ya ɗau kayanka ya canza hanya, to balle lokacin da ba banki, ba lambar waya, ba katin ɗan ƙasa, karatu da rubutun ma ba kowa ya iya ba. Da me suke gane wanda za a ba da wanda za a hana? Sannan takardar dai ta ce kotunansu cike suke da ƙarar bashi. To in amana ce ta yi musu yawa me ya kawo ƙara, in kuma ba amana ya aka yi ake ta bayarwa? Abu biyun nan sun ƙi zama wuri ɗaya a kaina.

Malam_Tarihi:

Wa alaikumus salam Alhaji. Tambayar nan taka ita ce dai tambayar da malaman tarihin suka yi wa kansu, sai dai ka fara daga nan: ba wai sun fi kowa kirki ba ne, dole ce ta sa. Tsabar kuɗin ce babu. Mutanen Ingila wajen 1540 ba su kai miliyan 3 ba, zuwa 1640 sun kai kusan miliyan 5, farashin abinci ya ninninka, kasuwanni sun ƙaru, amma sulallan azurfa da zinariya da ke yawo a hannun jama'a ba su ƙaru daidai da haka ba. Ga shi waɗanda ake da su ɗin ma ba lafiyayyu ba ne. Sarki Henry na 8 daga 1544 ya riƙa cakuɗa azurfar da tagulla don ya samu kuɗin yaƙi, aka ci gaba da haka har 1551, sai a 1560 Sarauniya Elizabeth ta janye gurɓatattun aka sake bugawa. Bayan haka kuma mutane suna yanke gefen sulalla su tara azurfar su narkar, sai ka karɓi sule amma nauyinsa bai kai na sule ba, wannan matsalar har sai da aka sake buga kuɗin ƙasar gaba ɗaya a 1696.

Kuɗinsu ka san shi ai, shi ne wanda iyayenmu suka yi amfani da shi, fam ɗaya sule 20, sule ɗaya kwabo 12. Lebura yana samun kamar kwabo 8 zuwa sule ɗaya a yini. To matsalar canji ta fi komai tsanani, don ƙananan kuɗin da talaka zai sayi burodi ko kyandir da su ne suka fi ƙaranci. Har ta kai daga 1648 zuwa 1672 masu kanti da masu masauki suna buga nasu ƙananan kwabbai na tagulla da sunansu da sunan garinsu a jiki, su ba ka a matsayin canji, kai kuma ka dawo musu da shi ko ka kashe a maƙwabta inda aka san mai sunan. Ka ga ko wannan ma yarda ce, don kwabon ba shi da daraja sai darajar wanda ya buga shi. A 1672 gwamnati ta fito da nata ta hana nasu.

To yadda suke yi shi ne, kuɗi ya zama ma'auni kawai, ana ƙirga komai da fam da sule amma ba lallai sulen ya fito ba. Misali maƙeri ya yi wa manomi aikin garma da takalmin doki duk shekara, manomi ya kawo masa alkama da itace, mai mahauta yana ba su nama su biyun, kowa yana riƙe da lissafinsa, wani a littafi, wani da alli a bayan ƙofa, wani kuma a sanda. Sandar nan abin sha'awa ce, ana yi mata tsaga-tsaga daidai adadin bashin sai a raba ta biyu a tsaye kowa ya riƙe ɓari ɗaya, ranar biya a haɗa, in wani ya ƙara tsaga a nasa ba za ta dace da ɗaya ɓarin ba. Baitulmalin gwamnati ma da irinta yake aiki har 1826. Sai lokaci-lokaci su zauna a yi lissafi gaban maƙwabta, naka ya cinye nawa, nawa ya cinye naka, ɗan abin da ya rage shi kaɗai za a biya da tsaba ko ma a ɗaga shi zuwa lissafi na gaba. Suna da ranaku huɗu a shekara da aka saba biyan haya da manyan basussuka, 25 ga Maris, 24 ga Yuni, 29 ga Satumba da 25 ga Disamba.

Amsar da me suke gane mutum kuwa, da bakin mutane. Kalmar nan kiredit da muke ji a banki asalinta Latin ce, ma'anarta yarda, kuma a wancan lokacin kalma ɗaya ce suke amfani da ita ga bashi da kuma mutunci, in sun ce wane yana da ita suna nufin maganarsa abin kamawa ce kuma za a iya ba shi kaya. Yawanci garuruwa ƙanana ne, an san wanda yake kwana a gidan giya, an san mai caca, an san wanda matarsa take da tattali da wanda yaran shagonsa suke sata, duk wannan yana shiga lissafi, saboda gida ake ba bashi ba mutum shi kaɗai ba. Wani malami Craig Muldrew da ya bi takardun kotun garin King's Lynn, wani gari mai tashar jirgin ruwa a yankin Norfolk, shi ya fi fito da wannan a littafinsa na 1998, ya nuna cewa sunan mutum shi ne ainihin kuɗin da ke yawo a kasuwa.

Barista_Zazzau:

Malam Allah ya ƙara ilimi, amma ina so in ɗan ja da kai kaɗan kar Alhaji ya tafi da tunanin cewa zaman lafiya ake kowa ya yarda da kowa. Shi Muldrew ɗin ai daga takardun ƙara ya samo labarin, kuma ƙiyasinsa shi ne a ƙarshen ƙarni na 16 zuwa farkon na 17 ƙararrakin da ake shigarwa a shekara sun kai kusan ɗaya ga kowane gida a ƙasar, mafi yawansu na bashi. Wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Alhaji, abu biyun da ka ce sun ƙi haɗuwa, gsky abu ɗaya ne. Bashin sarƙa ne. Kai mai kanti kana bin mutum 50, dila na Landan yana binka, shi ma wani yana binsa, ranar da aka matsa wa na sama dole ya matsa maka, kai ma dole ka matsa wa na ƙasa ko da kana jin kunyarsa. To sai ka tafi kotun gari, wadda take zama kusan kowane mako ko biyu kuma kuɗin shigar da ƙara ba shi da yawa, a kai masa sammaci. Mafi yawan ƙararrakin nan ba sa kaiwa ga hukunci, da sammaci ya iso mutum yake nemo kuɗi ko ya turo dattawa a sasanta, saboda in aka kira sunansa a bainar jama'a cewa bai biya ba, duk masu binsa za su taso lokaci ɗaya kuma ba mai sake ba shi. Wato kotun tana tsaye a bayan amanar ne. Kuma ba masu kuɗi kaɗai ke kai ƙara ba, ƙaramin mai sana'a yana kai wanda ya fi shi. A Landan ma tun 1518 akwai kotu ta musamman ta ƙananan basussukan da ba su kai sule 40 ba.

Misalin da nake so kullum shi ne gidan su Shakespeare marubucin nan. Mahaifinsa John mai ɗinkin safar hannu ne a Stratford, ya taɓa riƙe shugabancin garin a 1568, amma a 1592 sunansa ya fito a jerin waɗanda ba sa zuwa coci, aka rubuta dalili cewa tsoron kamun bashi ne. Ka duba fa, tsohon shugaban gari ya kasa fita wurin ibada. Shi kuma ɗan, da ya yi arziki, a 1604 ya kai wani maƙwabcinsa Philip Rogers ƙara kan sule 35 da kwabo 10, yawanci kuɗin tsiron sha'ir da ya sayar masa bashi. Gida ɗaya, uba yana ɓuya ɗa yana kai sammaci.

Ta fuskar shari'a kuma abin ya riƙa canzawa. Da, in bashin na baki ne ba takarda, wanda ake ƙara zai iya rantsuwa cewa ba a binsa komai, ya kawo mutum 11 su rantse cewa sun gaskata shi, shi kenan ya kuɓuta. Bayan wata shari'a da ake kira ta Slade a 1602 sai masu bin bashi suka samu hanyar kauce wa wannan, a kai maganar gaban masu taya alƙali hukunci a duba ko an yi alkawari an saɓa. In kuɗin da yawa kuwa takarda ake yi da hatimi da shaidu, kuma yawanci ana rubuta ninki biyu, ka ci fam 50 ka sa hannu kan fam 100, in ka biya a ranar da aka sa takardar ta mutu, in ka saɓa ana iya binka dukka. A 1677 majalisa ta yi dokar da ta ce wasu alkawuran sai da rubutu, ciki har da tsaya wa wani a bashi.

Sannan kurkuku. Wannan ne ɓangaren da yake taɓa min zuciya. Mai bin ka bashi zai iya sa a kulle ka a gidan yari irin su Fleet ko Marshalsea a Landan, ba wa'adi, sai ka biya ko ya haƙura, kuma a ciki kai za ka biya kuɗin ɗaki da abinci da na mai gadi, wanda ba shi da kowa sai bara ta tagar ƙarfe ga masu wucewa. Ta ina wanda aka kulle zai nemo abin biya? Ba a daina wannan sosai ba sai 1869.

Maman_Khadija:

Sannunku da ƙoƙari Malam da Barista, na ƙaru sosai. Ni abin da nake so a ƙara shi ne mata da talakawa, don in ana maganar suna da mutunci sai a ga kamar kowa da nasa daidai, alhali ba haka ba ne. Na karanta cewa a kotunan coci in aka kira mutum shaida sai a tambaye shi, in an biya duk bashin da ake binka nawa ka mallaka? Wata malama Alexandra Shepard ta tattara dubban irin amsoshin nan, wani ya ce sule 40, wani fam 20, da yawa kuma musamman 'yan aiki da lebura da mata sai su ce ba su da komai sai abin da hannunsu ya samo, kuma ɗaya ɓangaren sai ya yi amfani da wannan ya ce kar a yarda da shaidarsu, talaka ne ana iya sayensa. To ka ga an haɗa gaskiyar mutum da yawan tukwanensa da shanunsa, wannan ni bai yi min daɗi ba ko kaɗan.

Abin haushin ma shi ne talakan shi ne yake ba mai kuɗi bashi ba tare da an kira shi bashi ba, don 'yan aikin gida da na gona shekara ake ɗaukarsu, ladan sai ƙarshen shekara, wani maigidan ma ya riƙe ya wuce haka.

Matar aure kuma a dokarsu ba ta iya kai ƙarar bashi ko a kai ta da sunanta, komai da sunan miji ne, amma a zahiri ita ce take karɓo kaya a kanti, ita take sayar da madara da ƙwai da giya, ita take kai zani ko tukunya jingina in abu ya ƙare a gida. A Landan akwai al'adar da ta yarda matar aure ta yi kasuwanci da sunanta ita kaɗai. Zawarawa da 'yan mata masu ɗan gado kuwa suna cikin masu ba da rance a gari. Kuma ita mace in aka zage ta da zagin fasiƙanci a titi, ba mutuncinta kaɗai aka taɓa ba har da cinikin gidan, shi ya sa mata suka cika kotunan coci da ƙarar ɓata suna.

Tambayata Malam, su rancen nan da kuɗin ruwa ne? Na ɗauka addininsu ma ya hana.

Malam_Tarihi:

Hajiya kin taɓo inda ya kamata. E ya hana, malaman coci sun daɗe suna wa'azi a kai, kuma dokar ta yi ta kai da kawo. A 1545 an yarda da kashi 10 cikin 100, a 1552 aka sake haramtawa gaba ɗaya, a 1571 aka dawo da iyakar kashi 10, sannan aka riƙa ragewa, kashi 8 a 1624, kashi 6 a 1651. Shi kansa baban Shakespeare da Barista ya ambata an taɓa gurfanar da shi a 1570 kan ba da rance da ruwa. Amma a rarrabe, bashin kanti da na maƙwabtaka yawanci ba a ɗora masa ruwa a fili, sai dai mai kaya ya ɗan sa a farashi, ruwa ya fi shafar rancen tsaba da aka yi wa takarda.

Alhaji akwai wani ɗan uwanka mai kanti da zai burge ka, William Stout, a garin Lancaster, yana sayar da kayan ƙarfe da kayan masarufi, ya buɗe shago a 1688 kuma ya rubuta tarihin rayuwarsa da kansa. Bayan kamar shekara 9 da ya zauna ya duba littafinsa sai ya ga sama da mutum 200 sun ci kayansa ba za su iya biya ba, asarar ta haura fam 200, kuɗi mai yawa a lokacin. Shi ɗan wata ɗariƙar Kiristoci ne da ake kira Kwaka, mutanen da aka sani da faɗin farashi ɗaya ba ciniki, kuma in ɗansu ya ci bashin da ya fi ƙarfinsa jama'arsu suna zaunar da shi su bincika, in sakaci ne suna iya cire shi daga cikinsu. Wannan ya sa aka yarda da su sosai, bankunan Barclays da Lloyds ma asalinsu daga iyalan Kwaka ne.

Wani abu kuma, in mutum ya mutu maƙwabta ne suke shiga gidansa su rubuta duk abin da ya bari har cokali, sai su zo kan basussukan da yake bi su raba biyu, waɗanda ake sa ran za a biya da waɗanda aka fidda rai. Kasancewar suna da wannan rabon a takardar gado ya nuna maka asarar bashi abu ne da kowa ya san da shi.

Kuma ba talaka kaɗai ke saɓawa ba. A 1672 Sarki Charles na 2 ya dakatar da biyan bashin sama da fam miliyan 1 da ya ci, yawanci daga maƙeran zinariya na Landan waɗanda su ne kamar bankuna a lokacin, wasunsu suka karye, mutanen da suka ba su ajiya su ma abin ya shafe su. Da aka kafa Bankin Ingila a 1694 da rancen fam miliyan 1.2 ga gwamnati, majalisa ce ta tsaya da haraji a bayan bashin, ba alkawarin sarki shi kaɗai ba.

Dattijo_Sabo:

Ni ban yi boko mai zurfi ba amma duk abin da kuke faɗa na gan shi da idona a wata siga. Mahaifina Allah ya jiƙansa dillalin shanu ne a Sabo ta Ibadan. Bafatake zai kawo shanu daga arewa ya sauka gidan maigida, mahautan Yarabawa su ɗauka bashi, ba takarda ba komai, bafataken bai san mahaucin ba amma maigida ya san shi, ya san wanda yake biya da wanda ya fara tangal-tangal, kuma in mahauci ya gudu maigida ne zai biya daga aljihunsa don in bai biya ba labari zai kai arewa kafin wata ya ƙare, ba mai sake sauka gidansa. Kuma mahaucin da ya ci kuɗin wani, duk masu gidaje sai su haɗa kai su hana shi saniya har sai ya biya. Bashi hanji ne yana cikin kowa, haka tsofaffi suke cewa. Bambancin da na gani da na Ingilan shi ne mu ba mu cika zuwa kotu ba, a gaban sarkin Hausawa ko cikin masu gidaje ake kashe magana. Amma zancen rubutu da Barista ya ce sun yi doka a 1677, mu ai ayar bashi a ƙarshen Baƙara ta riga ta ce a rubuta a kafa shaidu, kunya ce take hana mu.

Mai_Kanti_Fagge:

Allah ya saka muku da alheri gaba ɗaya, Baba na gode, maganar kunya gaskiya ce wlh. Yau da na rufe kanti na ɗauko littafina na yi irin rabon da Malam ya faɗa, waɗanda nake sa rai da waɗanda na fidda rai, na biyun sun kai shafi uku, wasu tun kafin korona, biyu daga ciki ma sun rasu kuma ban taɓa iya yi wa iyalansu maganar ba. Barista tambaya ta ƙarshe, su a can in bashi ya daɗe haka yana mutuwa ne ko ana binsa har abada, kuma wanda ya karye tsakani da Allah ba ha'inci ba akwai sassauci?

Barista_Zazzau:

Akwai doka ta zamanin Sarki James na 1, wajen 1623, da ta sa shekara 6 ga bashin da ba na takarda mai hatimi ba, in sun wuce ba ka kai ƙara ba kotu ba za ta saurare ka ba, sai dai in wanda ake bin ya sake amsa cewa ana binsa, sai a fara ƙirga daga nan. Maganar karyewa kuwa, dokarsu ta farko ta 1542 hukunci ce kawai, a kwashe kayan mutum a raba wa masu binsa kuma sauran bashin yana nan a wuyansa. Daniel Defoe marubucin nan ya karye a 1692 da bashin kusan fam 17,000, ya shafe shekaru yana biya yana kuma ɓuya. Sai a zamanin Sarauniya Anne, wajen 1705, aka yarda ɗan kasuwar da ya miƙa duk abin da ya mallaka bai ɓoye komai ba a yafe masa ragowar, daga baya aka ƙara sharaɗin sai mafi yawan masu binsa sun sa hannu. Amma wannan 'yan kasuwa kaɗai ya shafa, lebura ko ƙaramin ma'aikaci da aka kulle kan ɗan bashi ba ya ciki, shi sai dai ya jira majalisa ta yi dokar sakin fursunonin bashi da take yi jefi-jefi, ko wani mai hali ya bar wasiyyar kuɗi a fanshe su.